Gwangwani Uku, Kamar Kullum

Ba-A-Zubarwa ake ce mata a gidan hayar da ke bayan garejin gyaran motoci, kuma ba ta taɓa jin haushin laƙabin ba, tunda da bakinta ta jawo shi. In ta hango mace ta nufi kwandon shara da guntun sabulu ko ɓawon albasa, daga inda take zaune za ta ɗaga murya: "Ke, ba a zubarwa!" Matan gidan sun yi dariya har sun gaji, daga baya suka koma kawo mata tarkacen da kansu, su tsaya su ga abin da za ta yi da shi. Guntayen sabulu takan tara su a tsohuwar safa ta ƙulle, ta yi ta wanki da su. Gawayin da ya rage bayan girki ta yayyafa masa ruwa ta shanya, gobe ya sake aiki. Ashana in ta samu mai kauri sai ta sa reza ta tsaga ta biyu. Ƙashi kuwa in ya faɗa tukunyarta ya shiga uku, don ba ya fita sai ya yi fari fat, yadda kare ma zai shinshina ya wuce.

Wanda bai san ta ba zai ce rowa ce, amma abin ya girmi rowa. Tana yarinya, a wata shekarar da abinci ya yi tsada, uwarta ta ƙulle mata 'yan kayanta a ɗankwali, aka kai ta wurin wata gwaggo a wani gari, aka ce na ɗan lokaci ne. Gwaggon ba ta cuce ta ba, ta ci ta ƙoshi. Sai dai ba ta sake kwana ɗaki ɗaya da uwarta ba, kuma da suka haɗu bayan shekaru, gaisuwar baƙi suka yi. Tun daga nan ta riƙe abu ɗaya a ranta: faɗa ba ya raba gida kamar yadda tukunya take raba shi.

Da ta girma ta auri mai awo, mutum mai sanyin hali da ke sayar da shinkafa da wake a bakin kasuwa. Shi ya koya mata awo, shi kuma ya nuna mata ha'incin wasu abokan sana'arsa: a kifa gwangwani, a ɗan daki gindinsa ya lotsa ciki, mai saye ya ga an cika masa har da tozo, alhali an ci shi ta ƙasa. Yakan ce, "Wanda ya daki gindin gwangwani, cikin wani ya daka." Bai yi arziki ba. Da ya rasu ya bar mata ɗa ɗaya namiji, da gwangwanin madarar da yake awo da shi, wanda rubutun jikinsa ya goge tun tuni. Da wankau da guga ta raini yaron har ya zama kafinta. A wancan zamanin tattali yana biyan mai yin sa. In ka matse yau, gobe ka ga abin da ka matse, ka sayi takalmin makaranta da shi.

Yanzu su biyar ne a ɗaki biyu: ita, da Kafinta, da matarsa mai shara a wata makarantar kuɗi, da jikoki biyu. Babban namiji ne, ɗan makaranta, komai nasa da sauri yake yi. Ƙaramar mace ce 'yar shekara huɗu, wadda tsohuwar take kira Ƙawata, ita ma ta mayar mata da sunan. Da yake iyayen yaran fita suke yi da sassafe, tukunya a hannun tsohuwa take, kuma babu wanda ya isa ya karɓe ta.

Da kaya suka fara tashi, ita har wani daɗi ta ji, irin na sojan da aka daɗe ba a kira shi ba. Nama ta fara sallama, ta ce ai daɗin yana cikin ƙashi. Madara ta fita daga shayi, ƙwai ya zama baƙon ƙarshen wata, mai ya koma awon cokali. Wake takan jiƙa shi tun jiya don kada ya ci gawayi, shinkafa kuwa da ta tafasa sai ta sauke ta naɗe tukunyar da tsohon bargo, ta ƙarasa nuna da kanta. Kasuwa ba ta zuwa sai masu tumatir sun fara haɗa kaya, lokacin da wanda ya fashe yake neman mai ɗauka. In surukarta ta ɗan yi ƙorafi, ta ce, "'Yar nan, ku 'yan zamani ba ku san ci ba, kun dai san ɓarna. Mu da ruwan wanke shinkafa muke kaɗa miya, ga mu nan har yau ba mu mutu ba."

Amma kayan ba su tsaya inda ta zata ba. Shagon kujerun da Kafinta yake aiki ya koma sai a yi kwanaki ba a kunna injin yankan katako ba, tunda mai neman abin kaiwa baki ba ya sayen kujera. Albashin matarsa kuwa yana nan inda yake tun bara, kamar an kafa shi da ƙusa. A cikin haka ne yayan matar, wanda yake da shago a wani gari mai nisa, ya bugo waya ya ce in abin ya yi tsanani ta zo da yaran, gidansa da ɗaki.

Ranar nan bayan an ci abinci Kafinta ya zauna a bakin ƙofar uwarsa yana cire ƙaiƙayin katako daga gashin hannunsa.

"Inna, magana nake so mu yi ta gaskiya. Gwangwani nawa kike zuba mana?"

"Uku, kamar kullum."

"To uku shi ne iyaka. Ranar da ba za mu iya zuba uku ba, ki faɗa mini, matata ta ɗauki yaran su tafi wurin yayanta. Ba zan zuba ido yarana su lalace don kada a ce na kasa ba."

"Ina riƙe da ludayin nan wa zai tafi?" in ji ta. "Kai dai kawo abin da ka samu, sauran nawa ne."

Ta faɗi haka da ƙarfi, amma ita kaɗai ta san inda buhun yake yoyo. Abin da ake saye a ƙarshen wata ya daina kaiwa wani ƙarshen watan. Nata rabon ta fara ragewa, ta koma cewa ta ɗanɗana wurin girki har ta ƙoshi. Da ta cire nata gaba ɗaya sai ɗan ƙanzo da ruwan zafi, lissafin bai tashi ba. Babu sauran nama da za a daina, babu sauran madara da za a cire. Tattali yana da ƙasa, kuma ƙafarta ta taɓa ƙasan.

Wata rana da hantsi, gidan hayar ya yi tsit, Ƙawa tana barci, ta ɗauko gwangwanin mijinta ta kifa shi a kan siminti. Ta ɗauko ɗan dutsen da take fasa ƙashi da shi. Ta daɗe tana riƙe da dutsen. Maganar mai awo ta dawo mata tar, har da yadda yake lanƙwasa kai in zai faɗe ta. Ta ce a ranta, ai shi kasuwa yake nufi, wannan kuwa gida ne, kuma cokali biyu ne kawai, in aka raba wa mutum biyar wa zai ji? Ta nemi gafarar Allah, ta daka sau ɗaya, a hankali. Gindin ya lotsa kaɗan. Ta juya shi ta cika da shinkafa har da tozo, ta ga babu wanda zai ce an taɓa shi.

Da yamma surukarta ta shigo tana cire takalmi, ta tambaya kamar yadda ta saba tun ranar waccan magana: "Inna, nawa kika zuba?"

"Uku, kamar kullum."

Kuma ba ƙarya ta yi ba. Wannan shi ne abin da ta riƙe ta jingina da shi: bakinta bai taɓa faɗin abin da ba haka ba.

Wanda ya daki gwangwani sau ɗaya, hannunsa ya san hanya. Da shinkafa ta ƙara tsada ta ƙara daka, da kuɗin haya ya hau ta sake ƙarawa. Ta koyi ƙara wa tukunya ruwa har ƙwayar ta kumbura ta fashe, ta ajiye kwanoni masu zurfi ta fito da farantai masu faɗi, ta riƙa baza abincin yadda zai cika ido. Kafinta yakan suɗe farantinsa ya kalle shi ya ce, "Shinkafar yanzu ba ta da auki." Ita kuma ta ce, "Komai na yanzu haka yake," ta juya baya tana kankare tukunya.

A nan ne lissafinta ya ɓata, ita da ta fi kowa iya lissafin tukunya. Ta ɗauka ragin zai rabu daidai a kan kowa. Ta manta cewa ita ce da kanta ta haɗa jikokin a faranti ɗaya tun farkon tsadar, don a rage sabulu da ruwan wanke-wanke. Babban ba mugu ba ne, yaro ne mai yunwa da hannu mai sauri. Ƙawa kuwa da abinci take hira: ta ware wake gefe, ta jera su, ta ba kowanne suna, kafin ta kai loma uku yayanta ya share gabansa ya shigo gabanta. Lokacin da farantin yake cike, abin da ya bar mata yana isarta. Da farantin ya ragu, duk abin da dutsen ya ci daga bakinta ya ci shi. Tsohuwa ba ta gani ba, don a daidai lokacin nan kullum bayanta ne a wurinsu.

Yarinyar ta daina guje-guje a tsakar gida. Ta koma kwanciya a cinyar kakarta tana wasa da bakin zaninta, tsohuwa kuwa sai yabo take yi wa matan gidan: "Ƙawata ta yi hankali, ba ta da fitina irin ta 'ya'yanku." Da ɗan awarwaron roba na hannun yarinyar ya fara zamewa yana faɗuwa, sai ta ɗauke shi ta naɗa masa zare ta matse shi, ta mayar mata, tana jin daɗin ta ceci awarwaro daga ɓata.

Tari ne ya kama yarinyar ya ƙi sakinta. Uwarta ta roƙi izini a wurin aiki ta kai ta asibiti, nas ta ɗora ta a sikeli, ta duba katinta, ta sake ɗora ta. Ta tambayi abin da ake ci a gida. Uwar ta faɗa mata, har da gwangwani uku na mutum biyar. Nas ta ce ba shi da yawa, amma bai isa ya mayar da yaro haka ba, wataƙila tsutsar ciki ce. Aka rubuta magani da na ƙarin jini. Abin da aka kashe a kantin magani ranar nan ya fi duk abin da dutsen ya tara tun da aka fara. Tsohuwa ta karɓi kwalaben tana jujjuya su, ta kama maganar tsutsar da hannu biyu, don tana so ta zama gaskiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ba da baki aka haƙa shi ba. Wata safiya da babu makaranta, tsohuwa tana ɗaki tana lallaɓa Ƙawa ta sha magani, surukar ta ce yau ita za ta ɗora tukunya. Tana cikin ɗauraye gwangwanin sai ga matar mai walda, maƙwabciyarsu, da irin gwangwanin nan sak a hannunta, cike da shinkafa.

"Ga wadda Inna ta ranta mini rannan da baƙi suka zo mini. A ce mata na gode."

Surukar ta karɓa, ta juye a gwangwanin gidan don ya zama awon farko. Ya cika, ya yi tozo, ya fara zuba a ƙasa, na maƙwabciyar kuwa bai ko kusa ƙarewa ba. Matar mai walda ta yi dariya ta ce, "Kai, naku gwangwanin ma ramewa yake yi?" Ba ta samu abokiyar dariya ba, sai ta karɓi kayanta ta fita sumsum.

Surukar ta zazzage shinkafar a faranti, ta kifa gwangwanin. Gindinsa ya shige ciki har yatsunta suna nutsewa, ga tabon dutse nan birjik, tsofaffi da sababbi. Ta shiga ɗakin da shi a hannu.

"Inna, tun yaushe?"

Tsohuwa ta kalli gwangwanin, ta kalli yarinyar da ke cinyarta.

"Ban taɓa yi muku ƙarya ba, 'yar nan. Uku nake zubawa."

"Ai da kin yi mana ƙaryar da baki, da mun gane tun tuni." Surukar ba ta ɗaga murya ba. "Ina can ina share ajin 'ya'yan mutane, ina cewa nawa sun ƙoshi. Na ɗura wa yarinya maganin tsutsa, Inna. Maganin tsutsa, alhali yunwa ce."

"Ni ma ban ci ba. Wallahi nawa na fara cirewa."

"Na sani. Ina ganin wuyanki. Amma ke kin zaɓa, ita wa ya tambaye ta?"

Ta sunkuya ta ɗauke 'yarta daga cinyar kakarta. Awarwaron ya sake zamewa, da zarensa da komai, ya gangara ƙarƙashin gado, babu wanda ya bi shi.

Da Kafinta ya dawo matarsa ta miƙa masa gwangwanin. Ya sa babban yatsa a cikin lotsewar yana shafawa, irin yadda yake shafa katako in yana neman inda ya tsage. Ya je ya durƙusa a ƙofar uwarsa.

"Inna, da kin faɗa mini."

"Da na faɗa da sun tafi."

"Yanzu ma za su tafi."

Ta roƙe shi, ita da ba ta taɓa roƙon kowa ba. Ta ce za ta raba wa yaran faranti, za ta zauna a gabansu har su gama, za ta koma wankau ko da bayanta zai karye. Ya saurare ta har ta ƙare, sannan ya tambaye ta a hankali ko buhun zai kai ƙarshen wata in aka zuba uku na gaskiya. Duk dabarar da ta tara tun tana yarinya ta juya ta a ranta, ba ta samu ko ɗaya da ta rage ba.

An ce na ɗan lokaci ne, kafin abubuwa su daidaita. Ita ta san wannan maganar, da ita aka sallame ta. Ta ga an karɓo wa babban takardar canjin makaranta, ta ga an naɗe katifar yaran an ɗaure da igiya, ta san mai tafiyar ɗan lokaci ba ya ɗaukar katifa. Surukarta ta durƙusa ta yi mata sallama yadda ya kamata, ta ce ta yafe mata duk abin da ta faɗa cikin fushi. Tsohuwa ta ce babu komai, Allah ya kiyaye hanya, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofar gida, Ƙawa, wadda take bayan uwarta, ta juyo da kai.

"Ƙawata, ki ajiye mini ƙanzo."

"Zan ajiye miki."

Kafinta ya raka su tasha, daga can ya wuce shago. Ɗakunan biyu suka yi mata faɗi. Ta share inda katifar take, ta samu maɓalli da guntun fensir, ta ɗauka ta adana. Da lokacin girki ya yi ta hura gawayin jiya, ta jawo buhu, hannunta ya yi aikin da ya saba ba tare da ya shawarce ta ba: ɗaya, biyu, uku. Sai da ta naɗe tukunyar da bargo ta tuna su nawa ne suka rage.

Kafinta ya dawo a gajiye ya zauna, ta zuba masa. Ya cinye, ta ƙara masa, ya cinye, ta sake ƙarawa har ya ɗaga hannu. Rabon da ya ƙoshi irin haka ya manta. Ya leƙa tukunyar ya ga har yanzu da saura da yawa, bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yau kam shinkafar ta yi auki."

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Ya tashi bai wanke hannu ba, ya shiga ɗakinsa ya ja ƙofa.

Ta zauna ita da tukunyar. Abincin da ta yi ta nema ga shi nan ya isa har ya yi saura, ta ɗebi loma ɗaya ta mayar cikin tukunyar. Ba a zubarwa, don haka ta juye sauran a faranti mai faɗi ta rufe. Sannan ta ɗauki cokali ta kankare ƙanzon tas, ta ƙulle shi a leda, ta ɗora a saman kabad inda babban ba zai kai hannu ba.